Tambayoyi da Amsoshi Kan Fim Ɗin Halloween na 1978 da Salon Daraktansa John Carpenter

Duk inda masu son fim ɗin ban tsoro suka haɗu aka ɗauko zancen tsofaffin fina-finan makashi mai wuƙa, ba a daɗewa sai sunan Halloween ya fito, kuma kusan tambayoyi iri ɗaya ne ke biyo baya. Ga su nan da amsoshinsu. Wanda bai kalli fim ɗin ba ya sani cewa an faɗi ƙarshensa a ciki.

1. Wane fim ne wannan, kuma mene ne labarinsa?

Fim ne na Amurka mai tsawon minti 91, wanda aka fara nunawa ranar 25 ga Oktoba 1978 a birnin Kansas City. John Carpenter ne ya ba da umarni, shi da Debra Hill suka rubuta labarin, ita ce kuma furodusa.

A daren bikin Halloween na 1963, a wani ƙirƙirarren gari mai suna Haddonfield a jihar Illinois, yaro ɗan shekara 6, Michael Myers, ya kashe yayarsa Judith da wuƙar kicin. Aka tsare shi a asibitin masu taɓin hankali na Smith's Grove ƙarƙashin kulawar Dakta Sam Loomis. Bayan shekara 15 ya tsere, ya koma garinsu, ya shiga bin sawun wasu 'yan mata uku 'yan sakandare, Laurie da Annie da Lynda. Biyu daga cikinsu suna rainon yaran maƙwabta a wannan daren. Loomis yana neman sa lungu-lungu, ba wanda ya ɗauki maganarsa da muhimmancin da ya kamata. Iyakar labarin ke nan. Darajar fim ɗin tana cikin yadda aka nuna shi, abin da tambayoyi na 6 zuwa 9 suka yi bayani.

2. Me ya sa aka zaɓi daren Halloween?

Biki ne da ake yi ranar 31 ga Oktoba a Amurka da wasu ƙasashen Turawa. Yara suna sa tufafin ban tsoro da fuskokin roba, suna bi gida-gida ana ba su alewa, ana kuma fafe kabewa a sassaƙa mata ido da baki a kunna kyandir a ciki. Ta fuskar yawon yara ƙofa-ƙofa da dare cikin shigar wasa, ya ɗan yi kama da tashe, duk da cewa asali da manufa ba ɗaya ba ne.

Irwin Yablans, mai rarraba fina-finai, shi ya kawo shawarar a yi fim a kan masu raino da makashi ke farauta, shi kuma ya ce a sa labarin a wannan dare. Shawarar ta yi amfani ƙwarai. Dare ne kaɗai a shekara da ƙato zai rufe fuska ya tsaya a bakin titi ba wanda zai kira 'yan sanda, kuma dare ne da za a ji ihu a ɗauka wasa ne. Lokacin da Laurie ta fito a guje tana dukan ƙofar maƙwabta tana neman ceto, sai aka kunna fitilar waje, aka leƙo, aka sake kashewa. A ganina babu wurin da ya kai wannan taɓa zuciya a duk fim ɗin, kuma babu wuƙa a cikinsa.

3. Wane ne John Carpenter?

An haife shi a 1948 a jihar New York, ya tashi a Bowling Green ta jihar Kentucky, inda mahaifinsa yake koyar da kiɗa a jami'a. Ya yi karatun fim a Jami'ar Kudancin Kalifoniya. Kafin Halloween ya yi Dark Star a 1974 da Assault on Precinct 13 a 1976. Na biyun bai yi kasuwa a Amurka ba, amma ya samu karɓuwa a Ingila, har Carpenter ya ɗauki sunan Baturen da ya rarraba shi a can, Michael Myers, ya sa wa makashin sabon fim ɗinsa.

Gwaninsa shi ne Howard Hawks, tsohon daraktan Hollywood da aka sani da ɗaukar hoto ba ƙawa ba tsalle-tsalle, da labarin mutane ƙalilan da aka ritsa a wuri guda. Wannan ƙauna ta bayyana a Halloween: sunan shugaban 'yan sandan garin, Leigh Brackett, sunan marubuciyar da ta yi wa Hawks aiki ne, kuma fim ɗin da yaran ke kallo a talabijin shi ne The Thing from Another World na 1951, wanda Hawks ya shirya. Shekara huɗu bayan haka Carpenter ya sake yin wannan labarin da kansa.

4. Da gaske ne wanda ya yi fim ɗin The Message shi ya zuba kuɗin?

Gaskiya ne. Mustafa Akkad, haifaffen Halab ta ƙasar Siriya, wanda ya ba da umarnin The Message a 1976 a kan tarihin farkon Musulunci, daga baya kuma Lion of the Desert a kan gwagwarmayar Umar Mukhtar da Italiyawa a Libiya, shi ne ya ba da kuɗin Halloween. Sunansa yana fitowa tun a farkon rubutun buɗe fim. Da yawa daga cikin waɗanda suka tashi suna kallon The Message a ƙasar Hausa ba su san da wannan ba, kuma sukan yi mamaki.

Akkad ya ci gaba da riƙe jerin fina-finan Halloween har guda takwas. Ya rasu a Nuwamba 2005 sakamakon harin bom da aka kai wani otal a Amman, babban birnin Jodan, harin da ya yi sanadin rasuwar 'yarsa ita ma. Ɗansa Malek ya gaji aikin. Sai dai a lura, Akkad kuɗi ya bayar, bai tsoma hannu a salon ba. Carpenter ya karɓi ɗan ƙaramin lada, dala 10,000 da wani kaso na riba, bisa sharaɗin cewa maganarsa ce ta ƙarshe a kan yadda fim ɗin zai fita.

5. Nawa aka kashe, kuma yaya aka yi aikin?

Kimanin dala 300,000, a cikin kwana kusan 20, a bazarar 1978. Ko a wancan zamanin wannan kuɗi kaɗan ne. Fim ɗin ya tara kimanin dala miliyan 47 a Amurka kaɗai, miliyan 70 a duniya, ya shiga sahun fina-finan da ba na manyan kamfanoni ba da suka fi kawo riba.

Ba a je Illinois ba. A South Pasadena da wata unguwa ta Hollywood aka ɗauka, duk a Kalifoniya. Tunda labarin na kaka ne, lokacin da ganye ke bushewa ya zube a can, su kuma suna aiki a bazara, sai suka yi wa ganyaye fenti, suna watsawa kafin a ɗauka, suna tattarawa cikin buhu bayan an gama don a sake amfani da su. An biya Jamie Lee Curtis, wadda ta fito a matsayin Laurie, dala 8,000, an biya Donald Pleasence, wanda ya fito a matsayin Loomis, 20,000 na aikin kwana biyar. Inda Carpenter ya ƙi yin rowa shi ne kyamara: kaso mai tsoka na kuɗin ya tafi wajen hayar kyamarorin kamfanin Panavision masu ɗaukar faffaɗan hoto, kuma tambaya ta 8 za ta nuna dalilinsa.

6. Na kalla ban ga jini sosai ba. To ina abin tsoron?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa, musamman daga waɗanda suka fara da fina-finan baya-bayan nan. Mutum biyar ne kawai suka mutu a fim ɗin, ɗaya ma ba a nuna kisansa ba, gawarsa kawai aka hasko a cikin ciyawa. Bayan kisan farko, sai an haura minti 45 kafin a sake nuna wani kisan a kan allo. Jinin da ke ciki bai taka kara ya karya ba.

Abin da Carpenter ya gane shi ne jira ya fi duka ciwo. Yana sanar da mai kallo abin da jaruman ba su sani ba, sannan ya ƙi sakin sa. Dubi yadda aka ja zaren mutuwar Annie. Man shanu ya zube mata a riga, ta cire ta tafi ɗakin wanki da ke bayan gida. Mun ga makashin a bayan gilashin ƙofa, ita ba ta gani ba. Ƙofa ta kulle, ta maƙale a taga, muka ce yanzu ne, sai ga yarinyar da take raino ta zo ta fitar da ita. Ta je mota, ta tarar ƙofar a kulle, ta koma ɗauko mabuɗi tana 'yar waƙarta. Da ta dawo sai ta buɗe ƙofar ba tare da ta sa mabuɗin ba, ba ta ko lura ba. Ta zauna, sannan ta ga gilashin ya yi hazo daga ciki, alamar wani yana numfashi a motar. Duk wannan an shimfiɗa shi ne a tsanake, ba gaggawa, kuma kowane mataki yana ƙara nauyi a ƙirjin mai kallo. Kisan kansa gajere ne.

Wanda ya zo neman yanka da ƙyanƙyami ba zai ƙoshi ba, kuma ba laifinsa ba ne, abin da ya saba da shi ke nan. Amma tsoron da ake samu daga ganin ƙazanta yana gushewa da an kashe talabijin. Wanda Carpenter ya gina yana bin mutum har ɗaki, ya sa shi duba bayan labule.

7. Me ya sa ake yawan yabon mintunan farko?

Domin kimanin minti huɗu ne da suke tafiya kamar ba a yanka ba, kuma duk ta idon makashin muke gani. Kyamara ta tunkari gida daga waje, ta leƙa taga ta ga Judith da saurayinta, ta zagaya ta baya, ta shiga kicin, hannu ya zaro wuƙa daga durowa, ta hau bene, aka ɗauki fuskar wasa aka sa, allo ya koma ramukan ido biyu. Bayan kisan ta sauko ta fita waje. Sai a nan aka juyo da kyamara, uba ya cire fuskar, muka ga ashe yaro ne ƙarami riƙe da wuƙa, idonsa ba komai a ciki.

An yi aikin ne da Panaglide, na'urar da mai ɗaukar hoto ke ɗaurawa a jikinsa ta sa kyamara ta yi tafiya sumul ba girgiza, wadda a lokacin sabuwa ce. A gaskiya akwai yanka da aka ɓoye, sananne a ciki shi ne daidai lokacin sa fuskar. Hannun da ya ɗauki wuƙar kuwa na Debra Hill ne. Amfanin wannan buɗewa ya wuce burgewa. Ta koya wa mai kallo cewa a wannan fim, duk lokacin da kyamara ke tafiya a hankali tana bin wani, mai yiwuwa idon makashin ne. Daga nan har ƙarshe ba ka sake yarda da kyamarar ba.

8. Mene ne ainihin salon Carpenter wajen ɗaukar hoto?

Faɗin allo da haƙuri. Ya ɗauki fim ɗin da shimfiɗaɗɗen hoto wanda faɗinsa ya ninka tsayinsa sau biyu da 'yan kai, irin wanda aka saba yi wa fina-finan yaƙi da na kaboyi. Ƙananan fina-finan ban tsoro ba su cika yin haka ba saboda tsada. Idan ka sa yarinya ɗaya a gefen irin wannan allo, sauran wurin ya zama fanko, idon mai kallo kuwa ba ya jure fanko, sai ya shiga lalube. Carpenter da mai ɗaukar hotonsa Dean Cundey sun mai da wannan fankon makami. Wani lokaci akwai abu a ciki, wani lokaci babu, kuma ba ka san wanne ba sai ka duba.

Rabin farko na fim ɗin da rana tsaka ne, a unguwa mai tsafta da bishiyoyi. Laurie ta hango mutum tsaye a tsallaken titi ta tagar aji, ta sake dubawa ya ɓace. Yana tsaye a gefen shingen shuke-shuke, Annie ta je ta duba ba kowa. Yana tsaye tsakanin zannuwan da aka shanya a bayan gida. Mota tana wucewa a hankali a bayan Loomis yana kallon wani gefen. Ba a matso da kyamara an ce maka ga shi nan ba, an bar ka ka gano da kanka, shi ya sa abin yake shiga jiki. Sau da yawa kuma kafaɗarsa kawai ake sawa a gaban hoton, 'yan matan suna can nesa suna tafiya.

Da dare ya yi, Cundey ya yi aiki da shuɗin haske da baƙin duhu. Fitowar da ta fi shahara ita ce wadda Laurie ke tsaye tana kuka a jikin bango bayan ta ga gawarwakin ƙawayenta, ƙofa mai duhu a bayanta. A hankali aka riƙa ƙara wata 'yar fitila, farar fuskar robar da makashin ke sawa ta fara bayyana daga cikin duhun kamar yadda ido ke sabawa da ɗaki mara haske. Bai shigo ba, dama can yana nan. Haka ma inda Laurie ke zaune a gaba tana haki, ta ɗauka ta kashe shi, shi kuma can baya ya miƙe zaune a sandare ya juyo da kai. Hoto ɗaya, ba yanka, ita a gaba shi a baya. Duk wanda yake son fahimtar Carpenter ya tsaya a kan waɗannan biyun ya maimaita su.

9. Wa ya yi kiɗan, kuma me ya sa yake tayar da hankali haka?

Carpenter ne da kansa, cikin kwana uku, da fiyano da na'urar haɗa sauti. A rubutun ƙarshen fim an jingina kiɗan ga wata ƙungiyar makaɗa ta Bowling Green, amma babu wata ƙungiya, suna ne kawai ya ara daga garinsu.

Yawancin kiɗan da kunne ya saba da shi yana tafiya ne bugu huɗu-huɗu. Na Halloween biyar-biyar ne, ma'aunin da mahaifinsa ya koya masa a kan ƙananan ganguna yana yaro. Ƙafa ba ta iya bin sa cikin natsuwa, kullum kamar akwai taki ɗaya da ya yi yawa, ga shi yana maimaita kansa ba hutu. Carpenter ya ba da labarin cewa ya nuna fim ɗin ba kiɗa ga wata jami'ar kamfanin fim ba ta ji tsoro ko kaɗan ba, daga nan ya ƙuduri aniyar ceto shi da sauti. Ban da babban kiɗan akwai sanyayyen fiyano da ke bin Laurie, da ƙara mai kaifi da ke faɗowa idan makashin ya ɓullo, da kuma numfashinsa a cikin roba, wanda shi ma kiɗa ne a wannan fim.

10. Daga ina aka samo farar fuskar?

Daga shago. Tommy Lee Wallace, mai tsara wuraren ɗauka, ya sayi fuskar roba ta jarumi William Shatner a matsayinsa na Kyaftin Kirk na shirin Star Trek, a kan ƙasa da dala biyu. Ya faɗaɗa ramukan idon, ya hargitsa gashin, ya fesa mata farin fenti. Abin da ya fito fuskar mutum ce da aka share mata duk wata alama, ba fushi ba murna.

Nick Castle, abokin Carpenter tun jami'a, shi ya sa ta a mafi yawan fim ɗin. Ba ya gudu, ba ya magana. Bayan ya kafe saurayin Lynda a jikin ƙofa da wuƙa, sai ya tsaya yana karkata kai hagu da dama yana kallon gawar, kamar wanda bai gane abin da mutuwa take nufi ba.

11. Me ya sa ba a faɗi dalilin da yake kisa ba?

Da gangan ne. A rubutun ƙarshe ba a ma kira shi da sunansa ba idan yana sanye da fuskar, an kira shi The Shape, siffa kawai. Ba a nuna an zalunce shi yana yaro ba, gidansu na rufin asiri ne, iyayensa mutane ne kamar kowa. Bai san Laurie ba. Ta je ajiye mabuɗi ne a ƙofar tsohon gidansu, ya hango ta daga ciki, shi ke nan.

Idan aka ba mugunta dalili, mai kallo yana samun mafaka, ya ce ni ban yi abin da zai jawo mini ba. Carpenter ya hana wannan mafakar. Yaron da Laurie ke raino, Tommy, da dare ya yi ya riƙa cewa ya ga dodo, tana kwantar masa da hankali cewa babu dodo. A ƙarshe Loomis ya harbi Michael sau shida, ya faɗo daga bene, Laurie ta tambaya ko dodon ne, Loomis ya amsa mata da e. Da ya leƙa ƙasa babu kowa. Sai aka riƙa nuno wuraren da ya bi, falo da matakala da gidajen unguwa, numfashinsa yana tashi. Fina-finan da suka biyo baya sun ɓata wannan, kamar yadda tambaya ta 15 ta nuna.

12. Mene ne amfanin Dakta Loomis tunda kusan duk fim ɗin yana tsaye yana jira?

Shi ne bakin fim ɗin. Makashin ba ya magana, don haka dole wani ya gaya mana girman abin da ke tafe. Likita ne, mutumin ilimi, amma ya ce ya yi shekara takwas yana ƙoƙarin kaiwa ga yaron, ya yi bakwai yana ƙoƙarin kada a sake shi, domin ya gane abin da ke bayan idanun nan tsantsar sharri ne. Jin haka daga bakin likita ya fi jin sa daga bakin kowa nauyi. An fara tayin rawar ga Peter Cushing da Christopher Lee suka ƙi, sannan Donald Pleasence, ɗan Ingila, ya karɓa. Sunan Sam Loomis an ɗauko shi ne daga fim ɗin Psycho na darakta Alfred Hitchcock.

13. Ana cewa fim ɗin yana hukunta 'yan mata marasa kamun kai ne, ya bar mai kamun kai. Haka ne?

Masu sharhi da yawa sun karanta shi haka, tunda Judith da Annie da Lynda duk hankalinsu na kan samari lokacin da ajali ya same su, Laurie kuwa mai kunya ce mai riƙe da littafi. Malama Carol Clover, a littafinta na 1992, ta yi nazari mai zurfi a kan irin wannan yarinya da ke saura ita kaɗai ta fuskanci makashi, kuma Laurie na cikin manyan misalanta. Carpenter da Debra Hill sun musanta cewa wa'azi suka yi niyya.

Ni na fi karkata ga abin da ke kan allo. Laurie ta tsira ne saboda ita kaɗai take dubawa. Ita ta ga mutumin ta tagar aji, ita ta gan shi a shinge, ƙawayenta suka yi mata dariya. Da abin ya zo, ta fara ɓoye yaran, ta yi faɗa da abin da hannunta ya kai gare shi: allurar saƙa, wayar rataye tufafi, sannan wuƙarsa. Hill ce ta rubuta yawancin hirar 'yan matan, ita ma ta yi raino tana budurwa, shi ya sa suke magana kamar mutane na gaske har mutuwarsu take da zafi. Wannan ne fim na farko na Jamie Lee Curtis, 'yar Janet Leigh wadda aka kashe a banɗaki a Psycho. Tunda ba a jere aka ɗauki fitowa-fitowar ba, Carpenter yakan ba ta lamba kafin kowace ɗauka don ta san matakin tsoron da za ta nuna.

14. Shi ne fim na farko a wannan nau'in?

A'a. Psycho da Peeping Tom sun fito a 1960. Italiyawa irin su Mario Bava da Dario Argento sun daɗe suna yin fina-finan makashi mai ɓoyayyar fuska. A 1974 an yi The Texas Chain Saw Massacre a Amurka da Black Christmas a Kanada, na biyun ma ya riga Halloween nuna gida ta idon makashi a lokacin biki. Abin da Halloween ya yi shi ne ya tace waɗannan abubuwa ya ba su tsari, ribarsa kuma ta buɗe ƙofa. Friday the 13th ya biyo a 1980, A Nightmare on Elm Street a 1984, da wasu masu ɗimbin yawa. Akasarinsu sun kwashi wuƙa da fuska da 'yan mata, suka bar haƙurin, suka cike gurbinsa da jini. A Scream na 1996, Halloween ne matasan ke kallo a wajen liyafa suna lissafa dokokin tsira. A 2006 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin fina-finan da ake adanawa saboda muhimmancinsu.

15. Akwai ci gaba da yawa. Wanne ya kamata in kalla?

Fina-finai 13 ne gaba ɗaya, kuma na farkon kaɗai Carpenter ya ba da umarni. Halloween II na 1981 ya ɗora daga daren da aka tsaya. Carpenter da Hill suka rubuta, Rick Rosenthal ya ba da umarni, a nan ne aka ce wai Laurie ƙanwar Michael ce, abin da Carpenter da kansa ya nuna bai ji daɗinsa ba daga baya. Wannan ƙarin ya rushe abin da aka bayyana a tambaya ta 11, ya mai da dodo ɗan rikicin gida. Na uku, na 1982, ba Michael a ciki sam. Rob Zombie ya sake yin labarin a 2007 ya ba yaron mummunan gida da dogon tarihi, wanda ya ƙara nisanta shi daga asali. Na 2018, na David Gordon Green, ya share duk na tsakiya ya ɗora kai tsaye daga 1978, Curtis ta dawo, Carpenter ya yi kiɗan tare da ɗansa Cody da Daniel Davies. Idan ɗaya za ka ƙara, wannan ya fi cancanta, amma na farkon ba ya buƙatar kowa ya cika shi.

16. Ba shi da rauni ko kaɗan?

Yana da shi. Ana hango bishiyoyin Kalifoniya masu kama da giginya a garin da aka ce Illinois ne, ganyen bishiyoyi kuma kore shar a tsakiyar kaka. Wanda aka tsare tun yana shekara 6 ya tuƙa mota lafiya lau, fim ɗin ya wuce batun da jimla ɗaya daga bakin Loomis. Laurie ta yar da wuƙa a kusa da shi har sau biyu. Rubutun ƙarshe ya ce shekarunsa 23 alhali lissafi 21 ya bayar. A cikin masu sharhin fim, Pauline Kael ta mujallar The New Yorker ta kushe shi, yayin da Roger Ebert ya yaba masa matuƙa. Waɗannan kurakurai na ƙarancin kuɗi da lokaci ne, ba su taɓa ginshiƙin aikin ba.

17. Yaya ya fi dacewa a kalle shi, kuma yara za su iya?

Ba na yara ba ne. Ban da kisa, akwai tsiraici na ɗan lokaci a wurare biyu da shaye-shaye, kowa ya auna wannan da kansa kafin ya kunna. Ga wanda zai kalla, ya nemi kwafin da ke da cikakken faɗin allo. Tsofaffin kaset da wasu kwafe-kwafen intanet sun datse gefe da gefe don hoton ya cika talabijin, wanda hakan ke yanke daidai wuraren da aka yi bayani a tambaya ta 8. Allon waya ma yana cutar da shi, domin mutumin da ke tsaye can nesa ba zai ganu ba. A kashe fitila, a ɗaga sauti, kada a riƙa tura shi gaba a rabin farko. Akwai kwafin da aka ƙara wa kusan minti 12 don nunawa a tashar NBC a 1981, amma na sinima ya fi tsauri.

18. Idan salon ya burge ni, wane fim na Carpenter zan bi da shi?

The Thing na 1982, ba tare da jinkiri ba. Mutum 12 ne a sansanin bincike a yankin ƙanƙara na Antatika, wata halitta tana shiga jikinsu tana kwaikwayon su, ba wanda ya san wa ya rage mutum. Cundey ne ya sake ɗaukar hoton, Ennio Morricone ya yi kiɗan, sai dai shi akwai ƙyanƙyami sosai, saɓanin Halloween. Bai yi kasuwa ba da ya fito, yau kuwa da yawa suna ganin shi ne mafi kyawun aikinsa. The Fog na 1980 ya fi kusa da Halloween a sanyin tafiya, kuma Curtis ta fito a ciki tare da mahaifiyarta. Assault on Precinct 13 zai nuna maka inda faɗin allon da kiɗan suka faro shekara biyu kafin Haddonfield.